Bindigar Maharbi Ba Hajar Bayan Ɗaki Ba Ce

A ƙauyukan da ke kewaye da Dawakin Tofa, kamar yadda yake a mafi yawan karkarar Kano, akwai wani ciniki da ba a kai shi kasuwa, ba a kiran shaidu a kansa, ba a rubuta masa takarda. Cinikin tsohuwar bindigar farauta ne da kayan ɗurinta. Maharbi ya tsufa ido ya fara gaza masa, ko ya rasu magada suna son a raba gado, ko damina ta kawo jiki ana neman kuɗin taki, sai a sauko da bindigar daga inda take rataye, a haɗa da guntun albarushi da dalmar da suka rage, a nemi mai saye ta bakin wani da ya san wani. Bayan sallar isha'i a yi magana a zaure, a ƙirga kuɗi, a naɗe ta cikin buhu a ɗaure a bayan babur. Daga wannan dare babu wanda zai iya cewa ga inda ta nufa. Ra'ayina shi ne wannan salon ciniki ya kamata ya ƙare. Mallakar bindigar farauta ta hanyar da doka ta yarda ba abin kunya ba ne, rabuwa da ita ma ba laifi ba ne, amma wanda ya miƙa makami ga hannun da bai sani ba, a ɓoye, yana da kaso a duk abin da makamin ya aikata daga baya. Gyaran yana wuyan mai sayarwa da shugabannin gari, yana kuma wuyan gwamnatin da ta rufe ƙofar halal ta bar ta bayan gida a buɗe.

Kafin a je ko'ina, ya kamata a ba maharbi girmansa. Bindiga ta daɗe a ƙasar Kano. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki, kuma har gobe ƙarar bindiga tana cikin abin da ke ƙawata hawan salla da naɗin sarauta. Da Turawa suka taru a Brussels a 1890 suka ƙulla yarjejeniyar hana shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, sai suka bar wa mutanen ƙasa irin wadda ake ɗurawa ta baki da albarushinta. Maƙeranmu suka karɓi abin suka ƙware a kai, har bindigar toka ta zama sana'ar gida. Maharbi na gaske ba ya sayen bindiga kamar yadda ake sayen fartanya. Yakan zauna da maƙeri a auna tsawon ƙotar da kafaɗarsa, a sassaƙa ta yadda kuncinsa zai kwanta a kai, a gyara kunamar daidai da nauyin yatsansa, sannan a kai wa baduku ya naɗe ta da jar fata. Shi kaɗai ya san ma'aunin albarushin da take ɗauka ba tare da ta yi masa tawaye ba. Irin waɗannan mutane ne, da irin waɗannan bindigogi, suka taimaka wa sojoji a jihar Adamawa a 2014 lokacin da Boko Haram ta mamaye Mubi da garuruwan da ke kewaye. Sana'a ce mai ladabi da dokokinta da shugabanninta, kuma don ana ganin girmanta ne bai kamata a bari kayan aikinta su riƙa yawo kamar kayan sata ba.

Abin da ya canza shi ne ƙasar. Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Katsina, ya wuce Dawanau da Kwa da Tumfafi, ya san babu sauran daji a wannan yanki. Gona ce ke bin gona, gero da dawa da wake da gyaɗa, sai itatuwan kuka da ɗorawa da gawo a tsakaninsu, sai gidaje. Masana irin su Michael Mortimore sun shafe shekaru suna nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano saboda tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, inda ake nome kusan kowane taƙi kowace shekara ba tare da an bar shi ya huta ba. A irin wannan wuri naman dajin da ya rage bai wuce zomo da kurege da gafiya da makwarwa ba, waɗanda tarko da kare da gora suka isa a kama su. Maharbin da ke neman babban nama dole ya yi tafiya mai nisa. To, idan baƙo ya zo yana neman bindiga a ƙauyen da babu abin harbi, kuma ya fi son a yi maganar da daddare, tambayar da hankali zai fara yi ita ce: me zai harba da ita? Mai yiwuwa maharbi ne na ƙwarai mai zuwa nesa, mai yiwuwa ɗan sintiri ne, mai yiwuwa mai gadin gona ne. Mai yiwuwa kuma ba ko ɗaya daga cikinsu. Ƙaramar hukumar Dawakin Tofa da ke ɗauke da kasuwar Dawanau, babbar kasuwar hatsi da motoci ke shiga da fita daga cikinta zuwa Nijar da Chadi da Kamaru da kudancin Najeriya, wuri ne da baƙi ke ratsawa dare da rana, kuma abin da ya bar hannunka yau yana iya kwana a wata jiha gobe.

Mutanenmu ba baƙin tsari ba ne wajen ciniki. Idan za a sayar da gona a Dawakin Tofa, ko da 'yar kadada ɗaya ce, sai an kira maƙwabtan iyaka, an zagaya da mai unguwa, an sanar da dagaci, an rubuta takarda kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ana yin haka ne don an san rigimar gona tana iya kai wa jikoki. Gona ba ta tashi daga inda take, ba ta kuma kashe kowa, amma an kewaye cinikinta da shaidu. Bindiga tana shiga buhu ta yi tafiya, kuma aikinta ɗaya ne, amma ita ce ake sayarwa babu ido na uku. Babu wata hujja ta al'ada ko ta hankali da za ta sa abin da ya fi haɗari ya zama shi ne ya fi sauƙin canza hannu.

Doka ma ba ta yi shiru ba, ko da yake mutane da yawa ba su san abin da ta ce ba. Dokar bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa makamai gida uku. Akwai na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na farauta na zamani, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu masu cin kwanson harsashi, waɗanda lasisinsu ke hannun babban sufeton 'yan sanda. Sai waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato bindigar toka da 'yan'uwanta, waɗanda aka bar al'amarinsu ga kwamishinan 'yan sanda na jiha tare da amincewar gwamna. Dokar ta hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ta hana a sayar ko a miƙa bindiga ko harsashi ga wanda bai nuna takardar izininsa ba, ta kuma ce sai an buga wa bindiga alama ko lamba kafin ta canza hannu. Lasisi na mutum ne shi kaɗai, ba ya bin bindiga zuwa gidan mai saye, ba a kuma gadonsa. Sannan dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Ma'anar wannan ita ce dattijon da ya sayar da bindigarsa don ya sayi buhun taki yana iya jefa kansa da mai sayen cikin shari'ar da ta fi ƙarfin dukiyar gidansu gaba ɗaya. Ranar da aka kama bindigar a wurin wani laifi, sawun zai biyo baya har zaurensa, kuma ba shi da takarda ko shaida da zai kare kansa da ita.

Addini ya riga doka magana a kan wannan. Malaman mazhabar Malikiyya da muke bi sun kafa ƙa'idar toshe kafar ɓarna, wato abin da asalinsa halal ne yana iya haramta idan an san ko an yi zaton mai ƙarfi cewa zai kai ga haram. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida ne suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, suka kuma hana sayar da makami ga 'yan fashi da masu tada fitina. Ingantattun hadisai sun umarci mai wucewa da kibau ta kasuwa ko masallaci ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni, sun kuma hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Addinin da ya damu da tsinin kibiya a cikin taro ba zai yarda a ce mai sayar da bindiga ba ruwansa da wanda ya saya ba. Masu cewa kayana ne, in ga dama in sayar wa wanda na so, suna da gaskiya a kan akuya da keke. A kan makami kuwa, haƙƙin mallaka yana tafiya ne tare da haƙƙin maƙwabci, kuma a zamanin da jini ke zuba a jihohin da ke maƙwabtaka da mu, rashin yin tambaya sakaci ne da za a tambayi mutum a kansa.

Akwai kuma haɗarin da ke cikin kayan su kansu, ko da mai sayen mutumin kirki ne. Tsohuwar bindigar maƙera tana da halinta. Tsatsa tana cin bututun daga ciki inda ido ba ya gani, walda tana sakin jiki, kunama tana laushi har ta riƙa tashi da ƙaramin girgiza. Mai ita ya san waɗannan, ya san yadda yake lallaɓa ta. Saurayin da ya saya da daddare bai sani ba, sai ya cika mata ɗuri don ta yi ƙara, ta fashe a hannunsa ta tafi da yatsu ko ido. Wani lokaci ma ana miƙa ta da tsohon ɗuri a ciki wanda mai ita ya manta. Shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, kuma ɓoye aibin abin da zai iya kashe mai riƙe da shi ya wuce ha'inci. Albarushi ya fi bindigar ma ban tsoro. Ana zuba shi a gwangwanin madara ko robar ruwa, a tura ƙarƙashin gado, a gidan da ake girki da itace, yara suna wasa da ashana, karan dawa yana jibge a tsakar gida, hunturu ya busar da komai. Mai sayar da ragowar albarushi ga wanda bai san yadda ake ajiye shi ba ya aika wuta gidan mutane.

Masu ganin wannan magana ta yi yawa sukan ce ai 'yan bindigar daji ba da bindigar toka suke kai hari ba, AK-47 suke riƙewa, har da manyan bindigogin da ake girkewa a kan mota, don haka takura wa maharbi barin jaki ne a daki taiki. Gaskiya ne manyan makaman da suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato ta kan iyaka suke shigowa ko daga rumbunan gwamnati suke zurarewa, kuma duk gwamnatin da ta ƙyale wannan ta koma kan maƙera ta yaudari kanta. Amma ba harin daji ne kaɗai ke kashe mutane ba. Fashin babur a kan hanyar ƙauye, ƙwacen waya, faɗan daba, rikicin manomi da makiyayi a kan burtali, husuma tsakanin ƙungiyoyin farauta a kan wa ya fara jifan nama, duk waɗannan da ƙananan makamai ake yin su, kuma a tazarar taku goma bindigar maƙera tana kisa kamar kowace bindiga. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan shida a hannun fararen hula a Najeriya. Kowace ɗaya da ta canza hannu a ɓoye ƙari ce a kan waɗanda babu wanda ya san inda suke.

Hujja mafi nauyi ita ce ta kare kai, kuma ba ta cancanci a raina ta ba. A ƙarshen 2025 'yan bindiga sun riƙa tsallakowa daga ɓangaren Katsina suna kai hari a Shanono da Tsanyawa, ƙananan hukumomin da ba su da nisa da Dawakin Tofa. Magidancin da ya ji wannan labari, kuma ya san ofishin 'yan sanda mafi kusa yana da nisa, ba za a zarge shi ba idan ya yi tunanin ajiye wani abu a bayan ƙofa. Gwamnoni ma sun taɓa faɗin haka da bakinsu: Aminu Bello Masari a Katsina a 2021, da Bello Matawalle a Zamfara a 2022, duk sun yi kira ga jama'a su nemi makamin kare kansu. Sai dai Zamfara ɗin ce ta koya mana darasi mai ɗaci. Lokacin da makami ya bazu a hannun 'yan sa-kai babu rajista babu mai tsawatarwa, an kashe masu laifi da marasa laifi, ramuwar gayya ta haifi wata ramuwar, wutar ta ƙara ruruwa. Shi ya sa daga baya jihohin biyu suka koma ga rundunonin tsaron al'umma masu rajista da horo, Katsina a 2023, Zamfara a farkon 2024. Tsaron gari yana ƙarfi ne idan an san wa ke riƙe da me, kuma akwai wanda zai kira shi ya ba da bahasi. Cinikin ɓoye ba ya bambance mai kare gari da mai kai masa hari, domin duk wanda ya zo da kuɗi shi ne mai rabo.

Wasu kuma za su ce rajista tarko ce: yau ka rubuta sunanka, gobe a zo a ƙwace bindigar ko a riƙa tatsar ka. Za su kuma tuna da Uromi ta jihar Edo, inda a ƙarshen watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan Kano, mafi yawansu daga ƙaramar hukumar Bunkure, suna hanyar dawowa gida salla, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka kashe 16 daga cikinsu. Wannan kisan zalunci ne tsagwaronsa, laifinsa yana kan waɗanda suka aikata shi, kuma babu takardar da ke tsayar da taron da ya riga ya yanke hukunci. Amma abin da ya sa aka iya shafa wa maharba baƙin fenti cikin sauƙi shi ne ƙasar ta kasa samar da wata shaida guda da kowane jami'i a kowace jiha zai gani ya gane cewa wannan maharbi ne sananne. A nan ne laifin gwamnati yake. A watan Agustan 2023 muƙaddashin babban sufeton 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan bindigogi. Niyyar rage makamai ce, amma idan aka rufe hanyar neman izini ba tare da an buɗe wata ba, ciniki ba ya tsayawa, duhu kawai yake komawa. Najeriya tana cikin yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai da aka sa wa hannu a Abuja a 2006, wadda ta nemi ƙasashe su ƙididdige masu ƙera makamai na gida, su yi musu rajista, a riƙa sa wa makamai alama. An kafa cibiyar ƙasa ta kula da ƙananan makamai a 2021, aka ba ta doka a 2024. Abin da ya rage shi ne aikin ya sauko daga Abuja zuwa maƙerar ƙauye, da harshen da mutane ke ji, da kuɗin da talaka zai iya biya, da tabbacin cewa wanda ya fito da kansa ba zai kwana a ofishin 'yan sanda ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai hukuma ta nuna hakan a aikace kafin jama'a su yarda.

A ɗaya ɓangaren akwai masu cewa a hana gaba ɗaya, a tattara duk bindigogin toka a ƙone. Wannan ba zai yiwu ba, kuma ba adalci ba ne. Abin da maƙeri zai iya ƙerawa a rumfarsa ba a ƙarar da shi da sanarwa. Masu gaskiya ne kaɗai za su miƙa nasu, a bar miyagu da nasu, a kuma mayar da maƙera da maharba abokan gaba alhali su ne suka fi kowa sanin wanda ya zo neman makami da baƙar aniya.

Hanyar da ta dace tana kusa, kuma mafi yawanta ba ta buƙatar sabuwar doka. Duk mai son rabuwa da bindigarsa ya fara sanar da mai unguwa da shugaban maharban yankinsa. Kada a sayar sai ga wanda ke da izinin hukuma, wanda aka san gidansa da sana'arsa, kuma wani dattijo ya tsaya masa. Maƙeri ya duba bututun da kunamar a gaban shaidu, ya faɗi aibinta, ya buga mata alama. A rubuta takarda, kwafi ya je wurin dagaci, kwafi ya je ofishin 'yan sanda. Albarushi kada ya bi ciniki ko kyauta zuwa hannun wanda ba maharbi ba. Idan bindigar gado ce kuma babu maharbi a cikin magada, malamin da ke raba gado ya tsayar da ita gefe har a bi wannan hanya, ko a miƙa ta ga hukuma. Gwamnatin Kano da rundunar 'yan sandan jiha, waɗanda doka ta ba hurumin bindigar toka, su zauna da masarauta da ƙungiyoyin maharba da na maƙera su mayar da wannan tsari na hukuma, su kuma ware ɗan kuɗin fansar bindigogin da masu su ke son rabuwa da su, domin talauci ne ke kai yawancinsu ga mai saye na farko da ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Dawakin Tofa tana cikin wuraren da har yanzu manomi ke kwana a gidansa ya wayi gari ya tafi gona ba tare da ya biya kowa harajin noma ba. Garuruwa da yawa a Zamfara da Katsina sun taɓa zama haka, kuma ba a rana ɗaya suka rasa wannan ni'ima ba. Tun ran gini tun ran zane. Dagatai da limamai da shugabannin maharba suna iya fara wannan tsari a wannan rani ba tare da jiran kowa ba, kuma mai bindigar da ya ƙi sayarwa sai a gaban shaidu ya kare kansa daga kurkuku, ya kare sana'ar iyayensa daga zargi, ya kuma sauke nauyin da ke kansa na jinin maƙwabcinsa.